Da'awa, Hujja da Suka: Tarihin Harshen Jayayya a Ƙasar Gumel

Ƙasar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, ta daɗe tana zaune a bakin iyaka, kuma wannan zama ya sa mutanenta suka gaji hanyoyin jayayya fiye da guda. Mangawa ne suka kafa masarautar, wadda ake kira Lautai, a wajejen 1750 a ƙarƙashin Ɗan Juma, ta kuma kasance mai kai gaisuwa Borno, ta yadda ko da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya mamaye Kano da Haɗeja da Kazaure a farkon ƙarni na 19, Gumel ba ta shiga daular Sakkwato ba. A zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma, wanda ya hau gadon sarauta a 1828, aka taso da hedikwatar daga Tumbi, da ke cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu, zuwa mazauninta na yau a 1845, kuma lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa garin a 1851, ya same shi a matsayin ƙofar Borno ta yamma da kuma babbar kasuwar kanwa. Wurin da fatake da malamai da manzannin dauloli biyu masu gaba da juna suke haɗuwa ba ya rasa mai da'awa da mai musu, don haka tarihin kalmomin da ake kafa magana da su, a ƙarfafa ta, a kuma soke ta, yana fitowa sarai idan aka dube shi daga nan.

Mafi tsufa cikin waɗannan kalmomi su ne na Hausa tsantsa, kuma galibinsu suna siffanta yanayin masu jayayyar ne da zafin da ke tsakaninsu. Musu shi ne ƙin amincewa da abin da aka faɗa, gardama ita ce dagewa a kan musun, ja-in-ja da sa-in-sa da ka-ce-na-ce kuwa suna nuna maganar da ke kai da komowa ba tare da mai raba ta ba. Wannan harshe shi ne na kasuwa da dandali da zauren mai unguwa, inda dattijo kan kashe magana da karin magana ko da tunatar da zumunci, kuma manufarsa sulhu ce, wato a rabu ba tare da an kunyata kowa ba, ko da ba a tantance mai gaskiya ba.

Rukuni na biyu ya shigo ne ta hannun malamai, kuma shi ya ba Hausa kayan aikin tantancewa. Da'awa ita ce maganar da mutum ya yi iƙirari da ita wadda ba a riga an tabbatar ba, dalili shi ne abin da ke shiryarwa zuwa ga ingancinta, hujja ita ce dalilin da ya isa ya rinjayi abokin jayayya, raddi kuma shi ne mayar da martani a kan maganar wani da nufin rushe ta. Tun a ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin gina magana ta yadda sakamako zai biyo bayan gabatarwa, yana da masu kare shi a wannan yanki, domin Almagili ya yi musayar baitoci da Jalaluddini Suyuɗi na Misira, wanda yake ganin haramcin wannan fanni, shi kuwa yana ganin halaccinsa. Littattafan tauhidi na Imamu Sanusi, musamman Ummul Barahina, sun koya wa ɗalibai rarraba hukuncin hankali gida uku, wajibi da mustahili da ja'izi, wato abin da dole ne ya kasance, da abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, da abin da kasancewarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. Har wannan karatu ya kai wasu ɗalibai ga kafirta talakawan da ba su iya kawo dalilan hankali a kan imaninsu ba, abin da Shehu Usmanu ya yi rubuce-rubuce masu yawa don ya soke shi. Fiƙihu ma ya zo da ma'aunin ƙarfin magana, inda aka bambanta yaƙini da zato da shakka, aka kuma bambanta mashhuri, wato ra'ayin da masu faɗarsa suka yi yawa a mazhaba, da rajihi, wato ra'ayin da dalilinsa ya fi ƙarfi.

Babbar jarrabawar waɗannan kayan aiki ta zo ne bayan 1808, shekarar da mayaƙan jihadi a ƙarƙashin Gwani Mukhtar suka ci Birnin Gazargamu, suka kori Mai Ahmadu, har sarautar Borno ta nemi taimakon wani malami mai suna Muhammadu Al'amin Alkanemi, wanda Hausawa suka fi sani da Shehu Laminu. Bayan ya taimaka an ƙwato birnin, Alkanemi ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa shugabannin jama'ar Shehu Usmanu yana neman su bayyana dalilin da ya halatta musu yaƙar Borno, kuma Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya adana wannan musayar wasiƙu a littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. Abin lura shi ne yadda Alkanemi ya zaɓi wurin da zai kai suka. Bai tsaya musun cewa ana aikata munanan abubuwa a Borno ba. Ya amince akwai cin hanci da zaluncin mahukunta da cin dukiyar marayu da fitar mata ba lulluɓi da yanke-yanke a wasu wurare da jahilai ke girmamawa. Abin da ya ƙi amincewa da shi shi ne igiyar da ta ɗaure waɗannan abubuwa da hukuncin kafirci, domin a wurinsa saɓo daban ne, kafirci daban ne, kuma mutanen da ke salla da azumi da zakka da gina masallatai ba a fitar da su daga Musulunci saboda zunubi. Sai ya ƙara da cewa irin waɗannan laifuffuka suna nan a Misira da Sham da sauran manyan biranen Musulunci, alhali babu malamin da ya ce ƙasashen kafirci ne. Masu ilimin munazara, wato ladubban muhawara tsakanin malamai, suna kiran wannan salo naƙali, ma'ana warwarewa, inda ake nuna cewa dalilin abokin jayayya yana nan a wani wuri amma hukuncin da ya gina a kansa bai bi shi can ba. Ya kuma juya wa abokan jayayyarsa makaminsu, da ya ce ya karanta littattafan Shehu Usmanu ya ga sun saɓa wa abin da mabiyansa ke aikatawa a fagen yaƙi.

Amsar Muhammadu Bello ta nuna cewa ya gane inda sukar ta kama, domin bai dage a kan cewa zunubi kafirci ne ba, hasali ma ya nisanta jama'arsu daga wannan ra'ayi. Ya mayar da nauyin maganar kan wasu ginshiƙai, cewa asalin yaƙin kare kai ne daga sarakunan da suka fara far wa jama'a, cewa wasu al'adun da aka ambata, irin su yanka ga duwatsu da itatuwa, sun wuce saɓo sun shiga shirka, sannan kuma cewa Mai na Borno ya goyi bayan sarakunan Hausa a kan Musulmi, wanda shi ne abin da malamai ke kira muwalati, wato jiɓintar kafirai a kan masu imani. Wannan ginshiƙi na ƙarshe shi ne mafi ƙarfi a tsarin Bello, amma shi ma yana rataye ne a kan wata da'awa da Alkanemi bai sallama ba, wato kafircin su sarakunan Hausar, don haka mai karatu mai adalci zai ga cewa jayayyar ta koma baya ne da taki ɗaya maimakon ta ƙare. Takobi ma bai raba ta ba, domin yunƙurin da Alkanemi ya yi zuwa ƙasar Kano a 1826 zuwa 1827 ya tsaya ne a hannun Yakubun Bauchi, kuma Alkanemi da Bello sun rasu a shekara guda, 1837, kowa yana kan bakansa. Ga ƙasar Gumel wannan muhawara ba ta malamai kaɗai ba ce, tunda amsar tambayar ko Borno ƙasar Musulunci ce ita ke fayyace ko halal ne a kai wa talakawan Lautai hari a kama su bayi, kuma yaƙe-yaƙen masarautar da Haɗeja sun ci gaba har zuwa rasuwar Sarki Abdullahi a 1872.

Talaka bai karanta Infaƙul Maisuri ba, amma ya san waɗannan kalmomi a zauren alƙali, inda ake hukunci da Risala ta Ibn Abi Zaidin da Mukhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426. Aikin alƙali na farko shi ne ya tantance wane ne mudda'i, wato wanda maganarsa ta saɓa wa asali ko al'ada, da kuma mudda'a alaihi, wanda asali ke goyon bayansa, domin ba lallai wanda ya fara kai ƙara ya zama mudda'i ba, kuma daga wannan tantancewa ake sanin wanda zai kawo shaidu da wanda zai yi rantsuwa. Idan wanda ake ƙara ya yi iƙrari, magana ta ƙare. Idan ya yi inkari, sai a nemi shaidu biyu adilai daga mai da'awa, ko shaida guda tare da rantsuwarsa idan maganar dukiya ce, kamar yadda mazhabar Malikiyya ta yarda. Idan babu shaida, wanda ake ƙara ya rantse ya kuɓuta, idan kuma ya noƙe, a mayar wa mai da'awa rantsuwar. Suka a wannan tsari tana fuskantar mutumin da ya ba da shaida ne kafin labarinsa, kuma ana kiranta tajrihi, wato a nuna cewa shaidan maƙiyin wanda ake ƙara ne, ko ɗan mai ƙara ne ko mahaifinsa, ko yana da riba a cikin hukuncin, ko an san shi da abin da ke zubar da adalci, kishiyarta kuma ita ce tazkiyya, inda wasu amintattu ke wanke shi. Kafin a yanke hukunci akwai i'izari, tambayar ƙarshe da alƙali ke yi wa wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, kuma tsallake ta na iya ɓata hukuncin gaba ɗaya. A maganar gona akwai hauzi, wato idan baƙo ya riƙe wuri shekara 10 yana aiki a ciki, mai da'awa yana gari yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, ba a sauraron da'awarsa bayan haka, sai dai tsakanin 'yan'uwa wa'adin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba.

Sarki Ahmadu ya miƙa wuya ga Turawan Ingila a 1903, aka sa Gumel cikin Lardin Kano, kuma shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa a shekarun da suka biyo baya ta bar Tumbi a hannun Faransawa. Turawa sun bar kotunan alƙalai suna aiki, amma sun ɗora musu sharaɗin cewa hukunci kada ya ci karo da abin da su suke ɗauka adalci ne, sun ba Razdan da Di'o ikon duba littafin shari'a su canza hukunci, sannan gyaran dokokin kotuna na 1933 ya buɗe hanyar ɗaukaka ƙara zuwa kotunan Turawa. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, shekarar da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsoho Gubba, matakin da ya tayar da hankalin sarakuna da alƙalai a duk Arewa. Ƙarshen wannan ja-in-ja shi ne kwamitin masana shari'a na 1958 a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, wanda shawararsa ta haifar da kundin hukunta laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960.

Tsarin Ingilishi ya zo da wata fahimta ta daban game da suka. A kotun majistare ko babbar kotu kusan kowa yana iya tsayawa shaida, ɗa ga uba ko mata ga miji, amma lauyan ɗaya ɓangaren yana da damar ya tsare shi da tambayoyi har labarinsa ya ci karo da kansa, kuma rantsuwa a nan sharaɗin ba da shaida ce kawai, ba ta kashe shari'a. A laifuffuka ana buƙatar mai gabatar da ƙara ya kawar da duk wata shakka mai ma'ana, a shari'ar haƙƙi kuwa ya isa hujjar ɓangare guda ta rinjayi ta ɗayan, kuma takarda mai sa hannu da hatimi ta samu matsayin da ba ta da shi a zauren alƙali, inda ba ta cika tsayawa da ƙafarta ba sai an samu mai shaidarta. Idan aka duba abin da Hausa ta aro daga wannan tsari, za a ga kotu da joji da lauya da sammaci da caji da beli da afil da fayil, waɗanda dukkansu sunayen ma'aikata ne da takardu da matakai. Kalmomin tunanin kansu, hujja da dalili da shaida da sharaɗi, ba a sake aro su ba, saboda harshen ya riga ya mallake su ƙarnuka kafin zuwan Turawa, kuma wannan ya isa ya raunana zaton da wasu 'yan boko ke yi cewa tsararriyar muhawara da Turanci ta shigo ƙasar Hausa.

Abin da boko ya kawo sabo shi ne muhawara a matsayin darasi, inda ake raba ɗalibai gida biyu, masu goyon baya da masu adawa, da shugaban zama da mai kula da lokaci da alƙalai masu ba da maki, a kuma ba yaro ɓangaren da zai kare ko da bai yarda da shi ba. Waɗanda suka fito daga Kwalejin Katsina da makarantun Midil sun fitar da wannan horo daga aji, suka kai shi shafin wasiƙu na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da kuma zauren tattaunawa na Bauchi a farkon shekarun 1940, inda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa yi wa tsarin mulkin En'e tambayoyin da ba a saba yi a gaban manya ba. A watan Agustan 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma a cikin watan ne Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa na neman gyaran En'e a majalisar Kaduna. A nan ne aka ga cewa wahalar ba ta ƙarancin kalmomi ba ce, ta wanda aka yarda ya yi amfani da su ce, tunda al'adar fada tana ɗaukar musu da babba a matsayin rashin kunya ko da hujjar ƙaramin ta fi ƙarfi, kuma 'yan adawa da yawa sun gurfana a gaban alƙalan En'e da tuhumar zagin sarauta, a kotunan da ba a barin lauya ya shiga.

A makarantun gaba da sakandare, irin su Kwalejin Ilimi ta Gumel, ɗalibi yana haɗuwa da harshen jayayya na Turanci a rubutun bincike, inda ake koya masa ya bayyana matsayinsa, ya jingina shi ga shaida, ya kawo ra'ayin da ya saɓa masa, ya kuma sassauta lafazinsa gwargwadon ƙarfin abin da ke hannunsa. Tsarin da ya fi shahara a wannan fage shi ne na masanin falsafa ɗan Ingila Stephen Toulmin, wanda a littafinsa na 1958 ya rarraba jayayya zuwa da'awa, da bayanan da ta dogara a kansu, da ƙa'idar da ke halatta tsallakawa daga bayanan zuwa da'awar, da ma'aunin ƙarfinta, da yanayin da zai iya rushe ta, kuma daga aikin kotu ya ɗauko misalinsa. Wannan ƙa'ida ta tsakiya ita ce ainihin wurin da Alkanemi ya kai wa hari shekaru kusan 150 kafin littafin. A ɓangaren malaman addini kuwa, kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da yaɗuwar kaset sun fito da raddi da muƙabala daga zaurukan karatu zuwa kasuwanni irin ta Maigatari mai ci ranar Alhamis, har neman aya ko hadisi a matsayin hujja ya zama abin da ɗan tireda ke yi wa mai wa'azi.

An soke kotunan sarakuna a gyaran 1967 zuwa 1968, aka mayar da na alƙalai kotunan yanki a hannun gwamnatin jiha, an ƙirƙiro Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, sannan jihar ta bi sahun masu faɗaɗa aiki da Shari'a a 2000. Duk da haka tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran iyali irin su aure da gado da wasiyya da waƙafi, kuma harshen manyan kotuna Turanci ne, ta yadda shari'ar da aka fara da Hausa a gaban alƙali sai an fassara kundinta kafin manyan joji su duba ta, mai ƙara kuma ya ji makomar gonarsa ta bakin tafinta.

Gagarawa, wadda layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa tun wajejen 1930 ya haɗa ta da kasuwar gyaɗa, ta ga karon waɗannan tsare-tsare a fili a wajejen 2016 da 2017, lokacin da shirin gwamnatin jiha na ba wani kamfanin 'yan Sin hekta 12,000 don noman rake, a yankin da ya taɓa Gagarawa da Sule Tankarkar da Garki da Taura, ya gamu da turjiyar manoma. Gwamnati ta gina matsayinta a kan ayyukan yi da masana'antar sukari da biyan diyya, kuma tana da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a bayanta, wadda ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon soke haƙƙin zama saboda maslahar jama'a, ta kuma ɗora diyya a kan amfanin gona da gine-gine da aikin da aka zuba a wuri maimakon ƙasar kanta. Manoman sun kafa tasu hujjar a kan gado daga iyaye da kakanni, da maƙwabtan iyaka da za su shaida inda gonar kowa ta tsaya, da shekarun da suka ninka wa'adin hauzi sau da yawa, da kuma cewa kuɗin diyya ba zai sayi geron da gonar ke bayarwa kowace damina ba. Irin wannan hujja tana da cikakken nauyi idan jayayyar tsakanin manomi da manomi ce a gaban alƙali, amma dokar 1978 ba ta tambayar wanda ya riga zama a wurin idan gwamna ne ya buƙace shi, tana tambaya ne ko an bi matakan sanarwa, ko manufar ta shiga ma'anar maslahar jama'a, ko kuma an ƙiyasta diyya daidai, kuma duk waɗannan tambayoyi ana amsa su ne da takardu da Turanci ta hannun lauya.